Baƙon da ya ce wuta za ta sauko wa Gumel

Shekarun baya, lokacin da rikici ya ɓarke a garinmu na asali can Filato, wani baƙo ya sauka a gidanmu a Gumel. Mu Kirista ne. Aikin gwamnati ya kawo mahaifina garin, a nan aka haife ni, bayan rasuwarsa kuma muka ci gaba da zama, ina sayar da kayan gyaran babur. Baƙon ya ce shi mai bishara ne, mahaifiyata ta ba shi ɗaki.

Kullum da yamma sai ya tara mu da 'yan cocinmu a tsakar gida, ya karanta inda annabawa suka yi annabcin hukuncin Allah a kan al'umman da suka tsananta wa mutanensa: garuruwa su zama kufai, gonaki su ƙone. Idan ya rufe littafin sai ya rage murya.

"Da wa kuke zaton ake? Gumel ce, da Gagarawa, da Sule Tankarkar. Kafin damina ta faɗi wuta za ta sauko. Mai kunne ya kwashe iyalinsa."

Ni dai na yarda sarai. Kullum rediyo na kawo labarin kashe-kashe, zuciyata cike da tsoro. Har na fara neman wanda zai sayi shagona. Idan na je kasuwar Maigatari sai in riƙa duban sama, ni da ko hadari ban iya karantawa ba.

Mahaifiyata kuwa ba ta saki jiki da shi ba.

"Jiya ya ce shi mutumin Pankshin ne, yau na ji ya ce Kafanchan," in ji ta. "Kuma me ya sa yake ta tambayar wa ke da gida, wa ke haya?"

"Haba Mama, bawan Allah ne fa."

"To. Allah ya sa."

Wata rana maƙwabciyarmu, wata Hajiya, ta aiko mana da fura kamar yadda ta saba. Baƙon ya ce a zubar, wai kada mu ci abincin waɗanda hukunci ke bisa kansu. Mahaifiyata ta ɗauki ludayi ta sha a gabansa.

"Malam, matar nan ita ta yanke cibiyar wannan ɗan nawa da kake gani. Ranar da mijina ya rasu, ita ta kwana riƙe da ni. Yanzu ka faɗa mini, wane coci ne ya aiko ka? Fastonmu zai buga musu waya."

Ya yi dariya, ya ce Ruhu ne ya aiko shi. Ta ce ta ji, amma a ba ta sunan cocin. Ya ambaci wani coci a Jos. Washegari da muka dawo daga sujada, ɗakin wayam, ko takalminsa babu. Da fasto ya yi waya, aka ce ba su san shi ba.

Damina ta faɗi, gero ya yi kyau. Sai dai kafin nan wani abokina ya riga ya sayar da gidansa a gaggauce, ya koma garinsu da iyalinsa. Wanda ya saya, baƙon ne ya haɗa su. Ko da haɗin baki ko babu, har yau ban sani ba.

Ban daina karanta annabawa ba, na kuma gaskata Allah yana hukunta masu zalunci. Amma duk wanda ya zo yana nuna mini ƙofar gidan da hukuncin zai fara, sai na dube shi sau biyu. Na taɓa tambayar mahaifiyata yaushe ta fara zarginsa.

"Tun ranar farko," ta ce. "Mutum yana cewa gari guda zai ƙone, da jarirai da tsofaffi, amma yana murmushi. Da ya yarda da abin da yake faɗa, da kuka zai yi."