Gwiwa da Gwiwa a Zauren Bahago

Sunansa na yanka Jibril, amma in ka shiga Ƙofar Jatau kana cigiyar Malam Jibril, sai an nuna maka mutum bakwai, har da wanda ya rasu bara. Ka ce Malam Bahago mai ɗinkin hannu, ko akuyar unguwar ta san zauren. Shekara arba'in ke nan yana yi wa manyan riguna aiki da hagu, hannun da mahaifiyarsa ta yi ta ƙwala wa muciya bai ji ba.

Ba shi da ƙungiya, ba wanda ke biyansa ko sisi. Tabarma ce da gwangwanin allura. Tun ranar da ya tsinci ɗan maƙwabcinsa kwance a bakin kwata da tsumman sholisho a baki, ya shiga jawo samarin da unguwa ta sallama: masu shan maganin tari ba tari, masu ɗaukar gora in siyasa ta zo, waɗanda makaranta ta kora da waɗanda suka kori makaranta. Ba ya wa'azi. Cewa yake, "Kai, idona ya mutu, zo ka sa min zare a allura." Wanda ya sa zare ya zauna, wanda ya zauna kuwa ya shiga hannu.

Kowane maɗinki a gefensa yake zaunar da mai koyo. Bahago ba hali, don hannunsa da nasu ba hanya ɗaya suke bi ba. Sai ya zaunar da kai a gabansa, gwiwa na gogar gwiwa, damarka na bin hagunsa kamar madubi. To, a wannan zama ina za ka ɓoye jan ido? Ina za ka kai warin baki? In ka zo a buge, sai ya zare allurar daga hannunka ya ce, "Yau ta gaji, je ka kwanta bayan ƙofa." Kunyar wannan kwanciya ta raba mutum nawa da kwalba.

Cikinsu akwai Sagiru, jikan Iya Tani mai ƙosai ta Ƙofar Kibo, wanda a da in ya biyo layi mata ke kwashe shanya. Shekara biyu a gaban Bahago, hannunsa ya faɗa.

Ran nan sai ga Alhaji Nasidi dillalin riguna, shi kaɗai ya rage yana kawo wa zauren babban aiki tunda ɗinkin inji ya cinye kasuwa. Farar shadda ya kawo, a yi mata aska takwas. Ya dubi samarin, ya rage murya daidai yadda kowa zai ji.

"Malam, don Allah kada hannun waɗannan ya taɓa ta."

"Alhaji, Sagiru ne zai yi ta, daga zane har gamawa. In ta lalace, kada ka sake tako zauren nan."

"Da bakinka ka faɗa."

"Ai da shi nake magana dama."

Aka ware wa Sagiru lungu guda shi kaɗai, ba mai leƙe. Kwana huɗu da farawa, Bahago ya dawo daga sallar azahar, ba Sagiru, ba shadda. Aka kwana ɗaya, aka kwana biyu. Inuwa mai faci, da ke tsallaken zauren, ya sami abin yi.

"Malam, an ce an ga wata farar shadda ta hau motar Kano. Ta ce a gaishe ka!"

"Ka ji da tayoyin mutane, Inuwa. Wadda ka liƙe jiya ko ƙofa ba ta kai ba."

Bakin Bahago ya amsa, amma hankalinsa na kan shaddar. In Alhaji ya janye, zaure ya mutu, samari goma sha ɗaya su koma bakin kwata.

A rana ta uku da hantsi ya taka har Ƙofar Kibo. Iya Tani na kwashe ƙosai ta ce, "Yana ɗaki, Malam. Kwana uku ko ƙosai ya ƙi ci, abin da ba a taɓa yi ba tunda aka haife shi."

Ya same shi a bakin taga, shadda a cinya, reza a hannu, yana yanke zare ɗaya bayan ɗaya. Idonsa ja, amma Bahago ya san ire-iren jan ido. Wannan na kuka ne.

"Baba, na juya ta. Askar ta kalli inda bai kamata ba. Na ce bari in warware kafin ka gani."

Bahago ya baza shaddar. Gaskiya ne. Yaron ya zana askar yadda idonsa ya saba ganinta daga gaban malaminsa, a juye. Ɗinkin kuwa, wayyo, sumul kamar ba hannu ya yi ba. Dattijo ya yi dariya har hularsa ta zame.

"Wannan ai laifin hannuna ne, ja'iri. Shekara biyu ina nuna maka duniya a juye. Kawo rezar nan kafin ta ci shaddar mutane, da allura ake cirewa."

Ya zauna a gefensa, kafaɗa da kafaɗa, zaman da bai taɓa yi da wani mai koyo ba, ya nuna masa inda bakin aska ke kallo.

Da la'asar suka koma, Sagiru ya saɓo shaddar a kafaɗa ta gaban kowa. Bahago ya ja birki a gaban mai faci.

"Ta dawo daga Kano, Inuwa. Ta ce tana amsawa."

Wata biyu cif aka gama. Alhaji Nasidi ya juya rigar ciki da bai, ya ɗaga ta a rana yana neman inda zai kama, bai samu ba. Ya naɗe rigarsa ya tafi. Mako na zagayowa ya dawo da shadda uku, ya wuce Bahago, ya dire su a gaban yaron.

"Malam Sagiru, guda cikinsu gaggawa ake yi."

Bahago ya sunkuya yana laluben gwangwanin allura, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago, wani sabon yaro ya hango yana raɓe-raɓe a jikin katanga.

"Kai mai jar riga! Idona ya mutu. Zo nan."