Ciyawar Rijiyar Zartsi

Shekara shida na yi ina aikin lambu a gidan kumandan na Sokode, zamanin Faransa. A can ciyawa ba ta taɓa ba ni wahala ba. Daga ƙasarsu ake kawo irinta cikin ɗan buhu, in watsa, in ba ta ruwan rafi, ta fito lallausa kamar gashin jariri. Da aka tura mataimakinsa ya zama kumandan na Dapaong, matarsa ta ce ƙafarta ƙafata. Na bar mai ɗakina wurin iyayenta a zango, na hau bayan mota tare da kujerunsu.

Mun isa ana sauran ruwan sama, don haka abin da na shuka a gaban gidan ya fito da kyau. Da damina ta ɗauke na koma ban ruwa daga rijiyar gidan. Kafin wata guda bakin ganyen ya soma ƙonewa. Da rana sai ya naɗe, ko da ƙasar na jiƙe sharkaf. Madam ta kira ni, da 'yar Hausarta ta kasuwa.

"Kai ba ruwa. Ciyawa ƙishi."

"Ina ba ta, Madam, safe da yamma."

Duk da haka na ƙara, abin kuma ya ƙara lalacewa. Wata safiya na ga farin ɓawo ya kwanta a kan ƙasar. Na dangwala na kai baki. Mahaifina fataucin gishiri ya yi har ya tsufa, ba wanda zai gaya mini ɗanɗanon nan. Rijiyar zartsi ce, kuma ni da hannuna nake kashe ciyawar.

Kumandan ya ce a zuba tsakuwa a wurin a huta. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa faɗuwar damina." Ya ɗaga kafaɗa ya shige ofis. Ban san abin da zan yi ba a lokacin. Na dai san ba zan koma Sokode a ce ƙasa ta gagare ni ba.

Ran kasuwa na zauna wurin wani dattijo Bafillace mai sayar da shanu, wanda muke sallar Juma'a sahu ɗaya. Na kwashe labarin na gaya masa. Ya yi dariya.

"Ɗana, ka taɓa ganin inda shanu ke lasar ƙasa?"

"Ban taɓa ba, Baffa."

"To ka zo jibi da kwando. Akwai wani kwari a hanyar Bombouaka. Ƙasar fara fat, amma ciyawa na nan a kai, ba ta san an yi rani ba."

Muka yi tafiyar rabin yini. Na saro ciyawa iri uku da saiwarsu: harkiya daga gefen kwarin, ƙiri-ƙiri mai yaɗo daga tsakiya, da wata mai faɗin ganye da Mobawa, mutanen yankin, suka gaya mini sunanta na kasa riƙewa. Na dasa su cikin fasassun tukwane a bayan kicin, na haɗa da ragowar ta Turawa, kowace ina ba ta ruwan rijiyar nan daidai da 'yar'uwarta.

Ta Turawa ba ta kai kwana goma ba. Harkiya ta bi ta. Mai faɗin ganye ta tsaya kore amma ta ƙi ƙara ko ɗan yatsa, kamar mai riƙe numfashi. Ƙiri-ƙiri ma ta yi rawaya, har na fid da rai. Sai a mako na uku ta jefo sabon hannu ta bakin tukunya. Na duba ganyen da kyau, na ga 'yan ƙwayoyi farare a kai. Na lasa, gishiri ne. Ashe shansa take ta saiwa ta fitar da shi ta ganye.

Sau tara na koma kwarin nan da kwando a ka, ina saro ƙiri-ƙiri. Na kankare farin ɓawon, na cakuɗa ƙasar da yashi da kashin shanun Baffa, na dasa yaɗon taku ɗaya-ɗaya. Na kuma gane cewa yayyafi kullum shi ke tara gishiri a sama. Sai na koma kwarara ruwa da yawa bayan kwana uku-uku, ya tura shi ƙasa. Tafin hannuna ya tsage saboda igiyar guga. Wani gefe ya mutu sau biyu, na sake dasawa sau biyu.

Kafin ruwan farko filin ya rufe, in ban da kusurwar da ke jikin rijiya. Madam ta cire takalmi ta taka, ta yamutsa fuska, ta ce tana suka. Gaskiyarta ce, ba ta da laushi, kuma har suka bar garin ba ta so ta ba. Kumandan kuwa da yamma ya sa aka fitar masa da kujera kan ciyawar.

Bayan sallar layya limamin zangon Dapaong ya aiko a tambaye ni ko zan ba su yaɗo, don ruwa na zaizaye maƙabarta. Ranar Alhamis na kai musu kwando huɗu, muka dasa tare da masu haƙa kabari.