Boeta Toyer, Me Ya Hana Ka Sakin Jakar?

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Ranar Asabar, goma sha huɗu ga watan Satumba, bayan la'asar, 'yan daba suka kashe Toyer Baradien, wanda muke kira Boeta, wato babban yaya, mahaucin unguwarmu ta Athlone, a bakin tashar mota, mutane suna kallo.

Nadeema, abokiyar wasanmu, ita ta kira ni. Na makara ranar, ina hanyar zuwa ɗakin bayan shagonka, Boeta, inda muke wasan kati kowace Asabar. Ta ce min an kashe Toyer. Na yi dariya, na tambaye ta wane gwani ne ya samu sa'arka tun da wuri haka, na ce a jira ni a zagaye na biyu. Shekara da shekaru muna kashe juna a kan teburin nan, har kalmar ta lalace a bakinmu, ba mu san ta da wani nauyi ba. Sai da na ji ta fashe da kuka na tsayar da mota.

Boeta, da kai nake. Ina jin haushinka, kuma ba zan ɓoye ba. Duk wanda aka haifa a nan ya san idan suka kama jakarka, saki ake yi. Kai da bakinka ka sha faɗa wa ma'aikatan shagonka haka. Su biyu ne. Ɗaya ya finciki jakar, ka naɗe igiyarta a hannu. Suka ja ka a kan kwalta har gwiwoyinka suka saluɓe, ba ka saki ba. Suka taka maka yatsu. Na biyun ya soka maka wuƙa a wuya, ya ƙara a haƙarƙari, ya sake ƙarawa. Da suka yage jakar, babu kuɗi, babu waya, sai akwatin kati. Suka yi jifa da shi cikin jininka, suka tsere.

Wanda bai san wasanmu ba zai ce ka mutu a kan takarda. Mu mun san abin da ke cikin akwatin. Wasan na mutum huɗu ne, kowa ya zo da damin kati ɗari da ya haɗa da kansa, mayaƙa da dodanni da tsafe-tsafe, ba biyu iri ɗaya, a yi ta gwabzawa har mutum ɗaya ya rage. Wasu suna tara duk katin da ya fi ƙarfi. Kai kuwa ba ka haɗa dami sai da jigo, kuma ba ka taɓa yi wa jigo coge ba. Ka haɗa na karnuka zalla, ka haɗa wanda kowane hoto a cikinsa da wuƙa, wai don girmama sana'a. Na taɓa ba ka wani kati mai tsada kyauta don damin karnukan, ka ɗaga shi a haske, ka ce dila ne, dila kuma ba kare ba ne, ka mayar min. Mun yi musu har shayi ya huce.

A kan tebur ba ka da tausayi. Kana yanka rundunar mutum kana tambayarsa lafiyar tsohuwarsa. Ka ƙone min gari, ka tono matattuna ka sake kashe su, sannan ka tura min farantin soyayyen nama ka ce in ci don in samu ƙarfin kuka. Amma kai ne kake zama da sabon shiga, ka zazzage masa akwatunan katinka masu araha, ka koya masa cewa damin mutum huɗu ba na mutum biyu ba ne: duk bugun da za ka kai, ya taɓa abokan hamayya uku, kuma kada rundunarka ta yi ƙiba da wuri, don taron dangi za a yi maka. Rabin masu wasa a unguwar nan da katinka suka fara.

Damin da ke cikin jakar na ƙaninka Yusrie ne. Ba sirri ba ne, shi ma bai hana ni faɗa ba: ya yi daba, ya yi kurkuku, ya fito da furfura da hannun da ba ya rufuwa sosai. Ka kawo shi teburinmu don ya samu wurin zama ranar Asabar. Bai iya faɗuwa ba. Ranar farko da Nadeema ta kashe shi, ya kife teburin da ƙafa, kofi ya fasa mata goshi. Na ce a kore shi. Ka wanke mata ciwon da kanka, ka tattara katin, ka ce za ka haɗa masa nasa.

Jigon da ka zaɓa masa shi ne ramuwa. Babu kati ɗaya a ciki da zai iya fara faɗa. Amma duk wanda ya taɓa mai damin, sai ya gane kurensa: a kashe masa mayaƙi ɗaya, biyu su mutu a ɗaya ɓangaren, a zubar masa da jini, kowa a teburin ya zubar. Tun farkon damina kake haɗa shi. Ka yi musaya da mutanen da ba ka shiri da su, ka gwada shi a kanmu, ka cire wannan ka sa wancan, kana ƙorafin ya yi nauyi a farko. Yusrie ya yi ta mita wai an ɗaure masa hannu.

Ka ce masa, "Kai dai zauna, ɗan'uwa. Wanda ya taɓa ka, ka ci ubansa a nan, a kan tebur, sannan ka tashi mu sha shayi."

Ranar Asabar ɗin nan ka je garin Bellville karɓo kati na ƙarshe. Daga can kake.

Yusrie ya san waɗanda suka yi. Ya san layinsu, ya san gidan da suke kwana, ɗaya ma sun zauna ɗaki ɗaya a kurkuku. A maƙabarta bai zubar da hawaye ba, ya dai yi ta danna ƙasar kabarinka da tafin hannu. Kwana biyu bayan haka na ga kumburin bindiga a ƙugunsa. Na roƙe shi, liman ya roƙe shi, matarka Gaironesa, wadda muke kira Tietie, wato babbar yaya, ta riƙe masa riga tana cewa kabari ɗaya ya ishe ta. Ya ce mana ai kai ka koya masa, wanda ya taɓa ka, ka rama. Na ce a kan tebur ka ce. Ya tambaye ni ko a kan tebur aka yanka ka. A lokacin har jigon naka na tsine wa.

Bayan addu'ar bakwai, Tietie ta miƙo min akwatin. Ta goge shi, amma jinin ya shiga kusurwoyin. Ta ce mu buɗe ɗakin bayan shago mu yi wasa, ko don ta ji hayaniya. Yusrie ya zauna da rigar sanyinsa a jiki, bai cire ba. Mu uku ne, kujerarka ba wanda ya taɓa ta. Ni da Nadeema muka far masa da gangan, ba sassauci, kamar yadda za ka yi. Damin ya yi aikinsa. Duk inda muka taɓa, jini ya ɓalle a wajenmu. Ya sare min runduna kaf, ya bar Nadeema da numfashi ɗaya, yana buga katin a kan tebur kamar yana sara ƙashi.

Sai ya ja wani kati, ya tsaya. Ba mu taɓa ganinsa a gwaji ba, wanda ka je karɓowa ne. Hoton wata tsohuwa ce tsaye a tsakiyar fagen yaƙi, kuma aikinsa ɗaya ne: idan aka ajiye shi, ba wanda zai kai hari a zagayen, har da mai shi. Yusrie ya juya shi, ya sake karantawa.

Ya ce, "Wannan ai ba ramuwa ba ce. Boeta ya yi coge."

Nadeema ta ce watakila dai ka ga damin yana buƙatar kariya ne, kowane mai hankali zai sa irinsa. Mai yiwuwa haka ne. Ni dai na san mutumin da ya ƙi sa dila cikin karnuka ba zai sa wannan katin a banza ba. Bugu ɗaya ya rage wa Yusrie ya gama da mu duka. Ya ajiye tsohuwar a tsakiyar tebur, ya kifa kansa kusa da ita, ya yi kukan da bai yi a maƙabarta ba.

Ban san inda bindigar take a yau ba, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce komai ya wuce ba. Amma da na ɗauke shi a mota zan kai shi gida, muka zo mararraba, ya rungume akwatin, ya ce, "Riedewaan, bi ta babban titi. Kada ka bi da ni ta layinsu."

Allah Ya jiƙan ka, Boeta Toyer, Ya karɓi jininka a matsayin shahada, Ya yalwata maka kabari, Ya yafe maka taurin kai. Allah Ya ba Tietie Gaironesa da 'ya'yanku da dukkan gidan Baradien haƙurin wannan rashi. Waɗanda suka yi maka wannan, Allah Ya isar mana, Ya miƙa su hannun shari'a. Ƙaninka kuma, ya Ubangiji, Ka riƙe masa hannu. Amin.