Bature Ya Ara Mini Littafin Kakana

Mutumin ɗan Beljiyam ne, Mushe muke ce masa, wato Malam da Faransanci. A layinmu na kasuwar Murshid ta Dubai ni kaɗai nake jin Faransanci, shi ma ragowar firamaren da na yi a Damagaram ne, don haka duk abin da ya shafe shi ni ake turo wa. Sana'ata kago: a kawo kaya, in ɗaure, in auna, in tura. Ranar da ya fara shigowa shagona kwalayen littattafai ya kawo za a kai ƙasarsu, ya tsaya a kaina yana ta "a hankali, a hankali," sai ka ce ƙwai nake ɗaurewa.

Labarinsa ko ba ka tambaya ba sai ka ji. Ubansa mai gasa burodi ne. Shi kuwa tun yana saurayi ya shiga laburaren wata jami'a yana kakkaɓe ƙura, ya yi ta hawa har ya zama shugaban wurin. Bai yi aure ba, bai ajiye ɗa ba. Da ya yi ritaya wani attajiri ya ɗauko shi Dubai ya shirya masa ɗakin littattafai, irin wanda ake zagayawa da baƙi bayan an ci an ƙoshi. Duk abin da ya samu a littafi yake ƙarewa. Ya kama sito can wajen masana'antu, ya sa wa takardu na'urar sanyi ba dare ba rana, shi kuma ɗakin da yake kwana a unguwar Deira fanka ce kawai, mai kuka kamar injin markaɗe.

Na taɓa tambayarsa ko ya karance su. Ya ce shi aikinsa tsarewa, karatu na wasu ne. Waɗanne wasu? Siton a kulle yake, makullin kuma yana rataye a wuyansa kamar laya.

A saman kabad ɗin shagona akwai wata gafaka. A cikinta littafin fiƙihu ne da kakanmu Malam Babba ya rubuta da hannunsa, warƙa-warƙa babu ɗinki, gefen kowace warƙa cike da sharhinsa na ajami. Yayana, wanda ya gaji zauren karatun gidanmu, shi ya danƙa mini shi ranar da zan taho, ya ce in riƙa dubawa kada kasuwa ta cinye ni. Ta kuwa cinye ni. Gafakar ta yi shekaru a can sama, ita da wani mataccen sikeli.

Wata rana idon Mushe ya kai kanta. Da na sauko da ita sai ya zaro farar safar hannu daga aljihu, wai kullum da ita yake yawo. Ya riƙa ɗaga warƙoƙin, alhali ko alifi bai sani ba. Ya ce tunda yake bai taɓa ganin abu mai kyan wannan ba.

Na ce, "Ai naka ne, Mushe."

Duk wanda ya tashi a gidan mutunci ya san amsar wannan magana: Allah ya bar maka abinka. Mushe ya rungume ni har da ƙwalla, ya saƙale gafakar a hammata, ya tare tasi.

Maƙwabcina Bakano ne mai sayar da turare, kullum muna cikin tsiyar Kanawa da Damagarawa. Yana tsaye a bakin ƙofa ya ga komai.

"Kai, bawana, yau ka yi abin kai!" in ji shi. "Gobe da safe zan zo in yaba shagon nan, ka tanadi makulli."

"Zai dawo da shi," na ce.

"Wa? Wancan? Ai ko kura ta fi shi mayar da aro."

Kunya ta hana ni bin sawu. Watanni suka shuɗe, ina ta ɗaure masa kwalaye yana kirana babban amininsa. Sai ga wayar Yaya ana gab da azumi.

"Mutanen Dubai, in za ka taho ka zo mini da littafin Malam Babba. Masu ɗaukar karatu sun iso kan wannan littafi, kuma sharhinsa nake so, na bugawa ba ya warware mini."

Na ce to, Yaya. Me zan ce? In gaya masa na kyautar da rubutun kakanmu ga mutumin da ko alwala bai sani ba?

Na shiga bas na tafi siton. Sanyi kamar ɗakin ajiye gawa. Mushe ya fito da littafin cikin wani akwati da ya sa aka ƙera masa daidai shi, ya buɗe yana washe baki. A farar warƙar farko ya danna hatiminsa, hoton mujiya zaune a kan littafi. Mujiya, jama'a! Wai a ƙasarsu ita ce tsuntsuwar ilimi. Na ce a raina lalle ilimin ya yi kama da mai shi.

Dabarar da na zo da ita ita ce in rama. Na sa ya nuna mini wanda ya fi ƙauna duk cikin siton, wani ƙaton littafin taswirori mai ruwan zinariya a baki. Na ɗauka na shiga yabo. Na yabi fatar, na yabi takardar, na yabi wanda ya saya, har maƙogwarona ya bushe. Nufina da ya ce nawa ne, sai in ce a'a, mu dai yi musaya kowa ya riƙe na gidansu.

"Marsi," in ji Mushe, wato na gode. Ya karɓe abinsa, ya ce ban sa safar hannu ba.

Da na ba Bakano labari sai da ya zauna a kan kwalin turare don dariya.

"Wayyo cikina! Badamagare ya je farauta da yabo! Kai, Bature ba ya jin kurman baƙi. Yalla, maza koma ka faɗa masa ƙiri-ƙiri, khalas, shi ke nan. In kunya kake ji ara mini Faransancin in je."

Na koma. Na ce masa maganar da na yi ta ladabi ce, ba kyauta ba ce, littafin ma ba nawa ba ne ni kaɗai, kuma ana jiransa a gida. Fuskarsa ta yi ja kamar gauta. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ban ji ya ba da haƙuri ba. Abin da ya tambaya shi ne a ina za a ajiye shi, akwai gara a garinmu, su wa za su taɓa shi.

Da gayya na ba shi amsa. Na ce a zaure, a kan buzu. Za a rarraba warƙoƙin, wannan ya riƙe biyu, wancan ya tafi gida da uku ya kwafa, malam kuma ya lashi yatsa ya juya shafi.

Ya dafe akwatin da hannu biyu. Can ya ce duk tsawon aikinsa, littafin da hatimi ya hau kansa bai taɓa fita daga hannunsa ya zama na wani ba, kuma ba zai fara da tsufansa ba. Amma, in ji shi, laburare yana ba da aro.

"Zan ara maka shi. Shekara guda."

Littafin kakana, a bakin ɗan mai burodi! Maganganu sun zo mini har wuya, irin waɗanda ba su da fassara a Faransancina. Na tuna jirgina ya kusa, na tuna kuma bakina ne ya ja mini. Na haɗiye, na miƙa hannu biyu na karɓi aro.

Yaya bai san wannan labari ba sai da ya gama babin farko da mutanensa. Da na faɗa masa bai yi faɗa ba. Ya ce tsakanin wanda ya kulle littafi a sanyi da wanda ya bar shi a saman kabad, shi bai ga na zaɓe ba.

Mushe ya tsufa ƙwarai yanzu, ya koma ƙasarsu. Littattafansa ya ba wani laburare, na kuma ji suna can ƙarƙashin ƙasa a cikin kwalayen da na ɗaure da hannuna, ba wanda ya kwance su. Amma bai manta da nasa da ke waje ba. Duk farkon shekararsu sai wayata ta yi ƙara ina tsakiyar awon kaya, in ji muryarsa tana karkarwa yana tuna mini wa'adi ya cika. Bana ya tambaye ni ko masu karatun suna wanke hannu kafin su taɓa. Na ce masa ba mai kusantarsa sai da alwala. Sai ya ce to, ya ƙara mini shekara guda.