Ranar da Na Riƙe Usur a Saman Benenmu na Abbasiya

Ranar wata Alhamis ce bayan la'asar, saura kwana tara a ɗauki azumi, a shekarar da nake aji biyar, maƙwabciyarmu Abla Su'ad, wato Malama Su'ad a bakin mutanen Masar, ta rataya mini usur a wuya. Hannuna na hagu yana cikin filasta, domin sati biyu kafin nan santsi ya kwashe ni a matattakala ina ɗauke da bokitin wanki. A ranar za a yi wasan da muka yi wata guda muna jira, wato ƙwallon raga tsakanin 'yan matan gidanmu da na gidan da ke kallonmu, kuma ga ni ba halin buga ƙwallo. Ina rakuɓe jikin tankin ruwa ina share hawaye sai ta ƙyalla ido ta gan ni. "Yalla, Binta, taso," in ji ta. "Ido biyu ake alƙalanci da su, ba hannu biyu ba."

Gidan bene ne mai hawa shida a unguwar Abbasiya ta birnin Alƙahira, mu muna hawa na huɗu. Babana ya zo Alƙahira karatun addini tun ina goye, don haka ni saman benen nan shi ne tsakar gidan da na sani. A can mata suke shanya, a can wani maƙwabcinmu yake kiwon tattabaru cikin ɗakin katako, a can muke tankaɗe shinkafa muna tsince tsakuwa idan Inna ta kore mu daga ɗaki. Da safe aikina ne in zura kwando da igiya ta taga, mai burodi ya zuba mana aishi mai zafi in janyo. Da yamma kuwa, in an sauke shanya, igiyar ta zama tamu. Mu ɗaure ta tsakanin ƙarfen eriya da bututun tanki, mu yafa mata tsohon zanin gado, mu ja layi da allin da muka tsinto a aji. In ƙwallo ta tsallake katanga ta faɗa titi, sai mu leƙa mu yi ta kiran mai sayar da wake a bakin ƙofa, shi kuma yana mita yana saka mana ita a kwando.

Abla Su'ad tsohuwar malamar motsa jiki ce da ta yi ritaya, tana zaune ita kaɗai a hawa na biyar. Gwiwa ta hana ta sauka ƙasa sosai, sai ta mai da hawa sama abin yinta. Takan zauna kan kujerar roba da kofin shayi, ta yi mana alƙalanci kamar a babban fili. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. In gardama ta kaure, sai ta bar kowa ya faɗi nasa har ya gaji, sannan ta faɗi hukunci sau ɗaya tak. Takan ce, "Ki tsaya inda za ki gani, ki faɗi abin da kika gani, ki yi shiru." Wata rana ta ba wata yarinya maki bisa kuskure, da ta gane sai ta busa usur ta ce ita ce ba ta duba da kyau ba. Mun daɗe muna mamakin babba da ke amsa laifi gaban yara.

A duk gidan nan mutum ɗaya nake yin Hausa da ita in ban da iyayenmu, ita ce Rakiya. 'Yar Maraɗi ce, babanta ma ɗalibi ne, suna hawa na uku. Tare muke tafiya makaranta, tare muke raba kunun tsamiyar da mahaifiyarta take damawa duk lokacin da wani ya zo daga gida da tsaraba. Hausa ita ce ɗakin sirrinmu. A tsakiyar 'yan ajinmu sai mu yi gulmar malami da ita, mu ƙyalƙyale da dariya, babu wanda ya san dawan garin. Rakiya ce gwanar gidanmu a ƙwallo, kuma ba ta iya faɗuwa ba, ko a wasan 'yar carafke ne.

Wasan ranar ya yi zafi. Mata sun fito tagogi, har mai tattabaru ya bar tattabarunsa ya zo kallo. Na tsaya a gefen layi kamar yadda aka koya mini, komai yana tafiya daidai har aka zo makin ƙarshe. 'Yan ɗaya gidan suna gabanmu da ɗaya. Rakiya ta yi tsalle ta maka ƙwallo da duk ƙarfinta, ta wuce kan wata yarinya mai suna Nuha, ta dira bayan allin da kamar faɗin yatsa uku. Na gani sarai. Na busa usur na nuna waje.

Kafin 'yan ɗaya gidan su gama ihu, Rakiya ta iso gabana tana haki. Ta rage murya ta ce da Hausa, "Binta, ki ce ciki ne. Babu mai jin mu." Ni kuma idanun mutane duk suna kaina, ga tsoron kada a ce na yi son kai, ga wani girman kai da usur ya sa mini. Maimakon in amsa mata da harshen da ta yi mini magana, sai na ɗaga murya da Larabci yadda kowa zai ji: "So kike in yi ƙarya saboda ke ƙawata ce?" Wata daga taga ta yi dariya. Rakiya ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba, ta ɗauki takalmanta a hannu ta sauka.

Da kowa ya watse, Abla Su'ad ta sa ni na ɗauko mata kujerarta har ƙofarta. Ina jiran yabo. Sai ta ce ƙwallon kam waje ta faɗa, ita ma ta gani, amma muryata ta fi ƙwallon fita waje. Ta ce wanda ya faɗi wasa yana da zafin da zai sa ya roƙi abin da shi kansa zai ji kunyarsa gobe, aikin alƙali ne ya ce a'a a hankali, ya bar masa mutuncinsa ya tafi da shi gida. "Ki sauka wurin Rakiya yanzu," in ji ta, "alƙali ne yake fara miƙa hannu."

Ban sauka ba. Na ce ai ni ce mai gaskiya, ita ya kamata ta zo. Azumi ya kama, Inna ta aike ni da ƙosai gidansu sau biyu, na miƙa wa mahaifiyarta daga bakin ƙofa na juyo. A hanyar makaranta ita tana wancan gefen titi, ni ina wannan. Kullum sai in ce gobe. Na tsara kalmomin da zan faɗa har na haddace su, na ajiye su sai ranar Sallah, don ranar kowa yana yafe wa kowa. Ban san babanta ya kammala jarrabawarsa ba. Kwana uku kafin Sallah na dawo daga aike na tarar da ƙofarsu a buɗe, ɗakin wayam, mai gadin gida yana shara. Ya ce tun hantsi mota ta kai su filin jirgi.

Yau shekara ashirin da wani abu ke nan. Ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Zariya, kuma duk lokacin gasa ni ake ba alƙalancin ƙwallon raga. Filinmu da faɗi, ragarmu ta gaske ce, layinmu fenti ne da ruwa ba ya wankewa, babu ƙwallon da ke faɗawa titi. Amma har yanzu in yarinya ta rugo gabana idonta jawur tana rantsuwa ciki ne, nakan matsa kusa da ita in faɗa mata abin da na gani yadda ita kaɗai za ta ji. Na tambayi duk wani Bamaraɗen da na haɗu da shi, sai dai Rakiya suna da yawa a Maraɗi, ni kuma ko sunan kakanta ban riƙe ba. Hawa ɗaya ne tak tsakanin ƙofarmu da tasu, kuma na yi kwana talatin da ɗoriya ban sauka na miƙa mata hannu ba.