Katantanwar Dutse Ta Ɗaure Ni a Damargu

Ba sha'awa ce ta kai ni ga duwatsun nan ba, neman rezo ne, wato sabis na waya. A ƙauyen da aka tura ni koyarwa, can Damargu tsakanin Tanut da Belbeji, waya ba ta kamawa sai a kan wani tudu da ke bayan gari. Kullum bayan la'asar sai in hau, in ɗaga waya sama, ina jiran in ji muryar matata daga Damagaram. Can na bar ta tana jinyar mahaifiyata, ga kuma ƴarmu da ba a daɗe da yayewa ba. Burina ɗaya ne a lokacin: a maida ni gida kafin yarinyar nan ta isa shiga lakwal, wato makarantar boko, in zama ni zan kama hannunta ta rubuta harafin farko. Kowace shekara ina roƙon canjin wuri, kowace shekara a ce in ƙara haƙuri.

Wata rana rezon ya ƙi zuwa, haushi ya sa na shuri wani dutse. Ya mirgina ya kwanta, sai na ga a nannaɗe yake kamar ƙahon rago, da layi-layi a jikinsa, faɗinsa ya kai tafin hannuna. Na gane shi, don na taɓa ganin hotonsa a makarantar horon malamai. Katantanwa ce ta teku, wadda ta mutu tun kafin a halicci ɗan Adam, laka ta rufe ta har ta zama dutse. Da na duba sosai sai na ga tudun cike yake da su. Wato inda nake tsaye gindin teku ne a da. Dariya ta kama ni ni kaɗai. A garin da sai bijimin sa ya ja igiya ya yi nisa har ka daina jin muryar mai kora shi kafin guga ta leƙo bakin rijiya, wai nan ne kifi ya yi ta wadaƙa.

Daga nan ba na saukowa hannu rabbana. Nakan goge su da tsohon buroshin haƙori, in jera su a gindin bangon ɗakina, manya a baya, ƙanana a gaba. Wata ta fashe biyu, na ga cikinta ɗaki-ɗaki ne, kowanne da shamakinsa. Wasu ranakun nakan daɗe a zaune ina kallonsu, ina ƙoƙarin ganin ruwa shuɗi ya rufe gonakin gero da rumbuna da rumfar karan da nake kira aji. Ba wai ina son su ba ne. Mutumin da ba shi da wurin zuwa, ko tururuwa ya samu zai ƙirga.

Da farko mutanen gari sun zaci zinariya nake nema. Ƙanen mai gari, wanda ya taɓa zuwa haƙar zinariya a arewa, ya zo da guduma ya fasa ɗaya, ya shinshina, ya yar ya tafi. Liman kuwa ya juya wata a hannunsa ya ce, "Mushe, ko tun ruwan ɗufana ne?" Mushe suke kiran malamin lakwal. Na ce masa ta girmi wannan ma. Ya ce Allah mai iko, ya ajiye ta a hankali. Bayan haka sai makiyaya suka fara kawo mini, har wata tsohuwa ta cire guda daga murhunta ta aiko mini da ita, baƙa ƙirin.

Abin da ban sani ba shi ne yadda suke fassara ni. Malaman da suka riga ni duk ba su daɗe ba, kuma ba wanda ya taɓa sunkuyawa ya ɗauki ko tsinke a ƙasarsu. Ga wani yana kwasar duwatsunta yana gogewa yana kwana da su. In an tambaye ni, "Mushe, yaya zaman garinmu?" sai in ce, "Alhamdu lillahi, kamar gida." To me zan ce? Wanda ya ba ka ɗaki, matarsa ta aiko maka da fura kullum, ba ka duban idonsa ka ce ka ƙosa ka bar shi. Ta ciki na ciki.

Shekarar da ƴata za ta shiga lakwal, sufeton makarantu ya ja ni gefe a Tanut ya ce bana kam da ni a cikin masu komawa. Na dawo ƙafata ba ta taɓa ƙasa, amma da na shigo gari sai na ɗaure fuska, don kada a ce ina murnar rabuwa da su. Na kwashe duwatsuna na kai aji, na jera wa yara. Direban da ya kawo ni ya baza labari cewa gwamnati za ta ɗauke mushe. Mutane suka dubi fuskata, suka dubi duwatsun da na rabu da su, suka ce bawan Allah yana cikin baƙin ciki.

Ranar kasuwar Tanut na ga dattawa sun ci ado da manyan riguna sun shiga mota, na yi musu a dawo lafiya. Washegari aka aiko ina da kira a ƙofar mai gari. Na tarar an shimfiɗa tabarmi, ana dafa shayi, kowa sai murmushi.

Mai gari ya ce, "Mushe, kwantar da hankalinka, mun kashe maganar. Mun je mun zauna wa babbanku, muka ce ba mu tashi sai ya bar mana kai. Ya ce ai kai ka nema. Muka ce kunya ce irin ta mai iyali, mu da muke tare da shi mun san zuciyarshi. Mutumin da ke son ƙasa har duwatsunta!"

Liman ya karɓa, "Ya ce dama ba wanda ya yarda ya zo madadinka. Ka ga Allah ya haɗa."

Na so in tashi in yi ihu, in ce wa ya aike ku, in ce ina da uwa a kwance da ƴar da ke ɓuya bayan ƙofa in na je hutu. Na dubi ƙafafunsu, duk faso, na tuna yawancinsu ba su taɓa shiga ofis ba sai jiya, kuma domina. Wallahi na ji haushinsu, na kuma ji kunyar haushin.

Mai gari ya ci gaba, "Kuma mun yi shawara, tudun nan mun ba ka, halak malak. Ka kwashi abinka yadda kake so."

Wani tsoho da ke gefe ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Ɗana, kai namu ne yanzu. Ko ta Allah ta kasance, nan za mu rufe ka."

Aka ce a shafa fatiha. Na ɗaga hannu tare da su, na shafa, na buɗe baki na ce, "Na gode, Allah ya bar zumunci."

Da aka koma karatu, matata ta gaya mini a waya cewa yarinyar ta rubuta harafinta na farko. Wani malami ne ya kama mata hannu, kuma ta ce yana da kirki.