Wankan da Muka Yi a Bayan Yusufari

A lokacin ni saurayi ne mai jiran shagon yadi a Nguru, amma haifaffen Gashua ne, ɗan masunta. A bakin kogi na girma, har na isa aure ban taɓa ganin an yi wa ruwa rowa ba. Ina da amini bakaniken babura, ya ɗan girme ni, kuma duk abin da ya ce sai na bi. Shi ya kawo shawarar mu haye Nijar a kan baburanmu bayan Sallah, mu gaida kawunnansa a wani ƙauye kusa da Maine Soroa, mu riƙa kwana a daji kamar yadda muke jin fatake na yi.

Har yau idan na tuna ranar farko sai na ji daɗi. Muka bi ta Jajimaji, muka tsaya Gashua na yi sallama da inna, ta cika mana leda da soyayyen kifi. Bayan Yusufari muka rage iskar tayoyi muka faɗa rairayi, muna faɗuwa muna tashi, kowa na yi wa ɗan'uwansa dariya. Da yamma muka ɗaura tamfol tsakanin baburan biyu, muka dafa shayi, ya yi ta tsokanata wai ina tuƙa babur kamar mai tuƙa kwalekwale. Ban taɓa jin duniya ta yi mini faɗi irin na ranar ba.

Da gari ya waye muka yi abin da ɗan bakin kogi ne kaɗai zai yi. Muka ga bai dace mu shiga wurin kawunnai buɗu-buɗu da ƙura ba, sai muka sauke jarkarmu muka yi wanka har da sabulu, muka goge babura suka yi ƙyalli. Ko tunanin taimama bai zo mana ba, alwala muka yi cikakkiya. Gora ɗaya muka rage, tunda an ce akwai rijiya a gaba. Bazara ce. Bayan mun haye iyaka muka tarar iska ta shafe sawun motoci, muka yi ta kewaye tudu, da muka sami rijiyar kuma babu komai a cikinta sai yashi. Nan sarƙar babur ɗina ta tsinke.

Muka zauna ƙarƙashin tamfol muna miƙa wa juna gorar. Sai da la'asar ta yi, na ga harshen aminina ya yi nauyi, yana magana ba kan gado, sannan na gane kai gorar baki kawai yake yi, ba ya sha. Na yi kuka sosai. Allah ya jefo wata Bafulatana da jakunanta, ta jiƙa masa leɓe, ta riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, ta kai mu rugarsu. Da ta ji labarin wankan ba ta yi dariya ba, tambaya kawai ta yi ko mu mutanen kogi ne.

Bayan ya warware na yi masa faɗa. Ya ce, "Ni na je na ɗauko ka a gaban inna. Da wane ido zan koma mata ni kaɗai?"

Mun gaida kawunnan, mun dawo lafiya. Yanzu hanyar ba ta biyuwa yadda muka bi ta, shi kuma ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Ina kewar tafiyar, ina kewarsa. Samarin da ke shirin irin wannan yawo, ku tambayi mutanen ƙasar kafin ku shiga, kada ku auna ta da inda kuka taso. Kuma idan ruwa ya yi kaɗan, ka duba maƙogwaron abokinka ka tabbata yana haɗiya.